Ranar da Aka Zo Auna Jifa

Ni baduku ne, a Runjin Sambo nake zaune, kuma ban taɓa jin akwai wani wasa mai suna besbol ba sai ranar da wani malamin makaranta ya tsaya gaban rumfata riƙe da wata ƙatuwar safar hannu ta fata wadda ɗinkinta ya warware. Mutumin Filato ne, Kirista, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi can bayan Minanata inda 'ya'yan manya ke karatu. Na juya abin, na sake juyawa, na ce masa wane irin ƙato ne ke da wannan hannu. Ya yi dariya, ya ce ƙwallo ake cafewa da ita. Na ɗinke masa. Bai daɗe ba ya dawo da buhun ƙwallaye masu tauri kamar dutse, duk jan zarensu ya tsitstsinke.

Ɗana na fari shi ke kai masa aikin idan na gama. Wata rana yana tsaye a bakin filinsu ƙwallo ta gangaro gabansa, ya ɗauka ya mayar musu daga inda yake. Malamin, wanda kowa ke ce wa Koci, ya ce ya sake. Ya sake. Kafin shekara ta juyo an ɗauki yaron a makarantar kyauta, har da kwana da abinci, saboda hannunsa na dama kawai.

Koci bai yi wannan maganar da ni ba, da ƙanena ya yi ta, mai tuƙa keke napep. A gidanmu har yanzu muna riƙe da kunyar ɗan fari, ga shi kuma yaron sunan mahaifina aka sa masa. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa zama cin abinci da shi ba. Idan ina son sa, sai in ce da wanda ke kusa, "Kira mini yaron ga." Idan aka yabe shi a gabana sai in duƙar da kai kan fatar da nake huda. Haka mahaifina ya yi da babban wana, ban kuma taɓa ganin abin da aibu ba. Duk wata hidimar yaron a hannun baffansa take.

Shi ne ma ya zo mini da labarin taron. Ya ce wasu baƙi za su zo su duba yaran da suka fi ƙwarewa daga makarantu daban-daban, har daga Ilori da Abuja. Wanda suka zaɓa za su tafi da shi sansanin horo, daga can kuma wataƙila karatu a ƙasar waje. Ya ce Koci ya ce yaronmu na cikin waɗanda aka sa wa ido.

Na ce masa ya je, Allah ya ba da sa'a.

"Yaya, kai ma za ka tahi," in ji shi. "Ba don yaron ba. An ce masu abinci za su cika wurin. Ka je don cikinka, babu mai cewa ka yi rashin kunya."

A kan wannan sharaɗin na shiga kekensa ranar Asabar da safe. Bazara ce, irin wadda tun hantsi kwalta ke laushi. Kwana da kwanaki hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa ba ɗigo, garin ya yi ɗum, ko ganye ba ya motsi. A ƙofar makarantar masu gadi suka laluba mu har cikin hula. An rataye wani babban ƙyalle mai rubutu a sama. Lokacin na ɗan jima da shiga ajin yaƙi da jahilci na manya, sai na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ban kai rabi ba ƙanena ya ja ni.

"Mi kaka karantawa? Kahin ka ƙare an tashi taron."

Filin ya ba ni mamaki. Ciyawa ce kore shar a tsakiyar wannan zafi, an ja mata farin layi. Iyayen yara na zaune ƙarƙashin rumfuna a kan kujerun roba, ga manyan riguna, ga ƙamshin turare. Mu muka tsaya can gefe, inuwar itatuwan dogon yaro, inda masu abinci suka jera. Daga nan ana ganin komai.

Wasan ba shi da wuyar ganewa idan an bar ƙananan dokokinsa. Yaro ɗaya ya hau wani ɗan tudu a tsakiya ya yi jifa. Wani na tsugune da ƙarfe a fuska yana cafewa. Tsakaninsu mai kulki ke tsaye yana neman ya maka wa ƙwallon ya ruga. Amma ranar ba wasan aka fi yi ba, awo aka yi. Baƙin su uku ne, biyu 'yan ƙasarmu, ɗaya Bature da rana ta mayar ja wur. Suna zaune bayan ragar waya, ba mai dariya a cikinsu. Ɗaya na riƙe da wata baƙar na'ura mai kama da ƙaramar bindiga. Duk yaron da ya hau tudun sai ya ɗaga ta ya saita shi, da ya yi jifa sai lamba ta fito a wani allo, ta nuna saurin ƙwallon. Na san na'ura ce kawai. Duk da haka, a irin shekarun da muke ciki, ganin babban mutum yana saita yaro da abu baƙi a hannu bai yi mini daɗi ba.

Na juya wajen abinci. Na fara da hoce, gasasshiyar wainar dawa, a wurin wata tsohuwa, mai zafi, ta barbaɗa masa ƙuli da yaji. Rabon da in ci hoce mai kyau haka tun mahaifiyata na da rai. Kusa da ita wani mutumin Kwalkwalawa na soya kifi, ya rantse mini da asuba aka fito da shi daga ruwa. Na ci ɗaya, ƙanena ya ci uku yana cewa ɗanɗanawa yake. Sama da mu shirwa sun taru, sun fi goma, suna kewaya hayaƙin mai balangu. Muna tsaye ɗaya ta sauko kamar an harbo ta, ta fizge nama daga hannun wata yarinya, ta bar mata karce a yatsa. Yarinyar ta tsaya tana kallon jinin, sai daga baya ta fashe da kuka.

Sai aka kira masu jifa. Yaronmu ne na kusa da ƙarshe. Makonni ban gan shi ba, tun da a makaranta yake kwana, sai na ga ya rame, wuyansa ya yi tsawo a cikin farar rigar wasan. Ya hau tudun, ya ɗaga ƙafa, ya saki. Ƙarar da ƙwallon ta yi a safar mai cafewa har inda muke ta iso. Lambobi na san su tun kafin in shiga aji, na ga tasa ta wuce duk waɗanda suka fito a allon. Rumfunan suka ɗauki tafi. Ƙanena ya yi tsalle da kan kifi a hannu yana ihu, "Namu na! Ɗan gidanmu na!" Ni na dubi ƙasa, kamar yadda ya kamata.

Amma ina duban ƙasa ina satar kallo. Duk jifar da ya yi, sai ya bar hannun ya sauka ya yi lilo a gefensa, ya ɗan juya wa baƙin baya kafin ya karɓi ƙwallo. Na ɗauka salon wasan ne. Mai na'urar ya sunkuya ya yi wa Baturen raɗa, suka dubi yaron tare, irin kallon da mahauta ke yi wa sa a kara. Aka sanar cewa bayan Azahar masu jifa huɗu da suka fi za su sake hawa, a nan za a yanke.

Wata mata mai fara'a ta kira ni daga bayan wata babbar tukunya. Ashe matar Koci ce, ta gane ni.

"Baba mai gyaran safa! Zo ka ci abincin garinmu. Gwate ne."

Ban taɓa ci ba. Fate ne na acca, da ganye da gauta da ƙashin nama, ga tsami kaɗan. Cokalin farko ɗacin gautan ya tsaya mini a maƙogwaro, na biyu sai na ji ya zauna. Na ce mata a Sakkwato za a ce miya ce aka manta ba a yi mata tuwo ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ƙara mini. Tana zubawa ta ce, "Yaronka bai barci fa. Maigida ya ce ko an tashi horo sai ya koma fili shi kaɗai yana ta jifa har duhu. Wata guda ke nan." Ta faɗa ne don ta faranta mini. Na yi godiya na ajiye kwanon.

Da aka kira salla muka yi sahu a ƙarƙashin itatuwa. Yaron na sahun gabana, ɗan dama kaɗan. Da liman ya yi kabbara na ga hannunsa na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Na ce a raina ko gajiya ce. Na nemi gafarar Allah don hankalina ya bar salla.

Bayan an sallame baffansa ya sayo masa masa mai zafi a leda, da yaji da ɗan mai, abin da tun yana ƙarami ba ya iya wucewa. Ni na tsaya nesa kaɗan ina duban wani wuri.

"Karɓi, zakin jihwa. Ci ka ƙara ƙarhi."

"Na ƙoshi, Baffa."

"Ka ƙoshi da mi? Da iska? Karɓi nan."

Yaron ya miƙa hannun hagu.

"Kai! Da hagu kaka karɓar abu hannun baffanka? Abin da anka koya muku ke nan makarantar masu kuɗi?"

"Yi haƙuri, Baffa, na daman da datti."

Ƙanena ya dungure masa kai da wasa, ya ce in ya je ƙasar Turawa kada ya manta da mai keke. Daga nan ya ce da ni wasu mata na neman a kai su Minanata, zai je ya dawo kafin a fara. Ya tafi.

Na ɗauki buta na zagaya bayan motar makarantar don in wanke man kifi a hannuna. A nan na gan shi. Yana tsugune a inuwar motar, ya juya wa jama'a baya, ledar masa na ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Ya sa hannun dama ya ɗauki guda, ya ɗago ta, kafin ta kai haɓa hannun ya tsaya yana rawa. Ya runtse ido. Masar ta faɗi cikin ƙasa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya waiga dama da hagu, bai gan ni ba don tayar mota ta kare ni, ya sa hannun hagu ya fara ci da sauri kamar ɓarawo.

Yaron da aka tarbiyyantar a gidanmu ba zai kai loma baki da hagu ba sai in daman ya ƙi. Hannun da ya kasa ɗaga masa guda, shi za a mayar kan tudu ya yi jifa da iyakar ƙarfinsa.

Na koma da baya ban yi motsin da zai ji ba. Abin da na sani shi ne in nemi baffansa in ce, "Duba yaron ga." Na je bakin ƙofa, babu keke, babu alamarsa. Na sa wani ya kira mini wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Iska mai zafi ta fara tasowa, tana kwasar ledoji tana mannawa a ragar waya. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

Na nufi wurin Koci. Yana tsaye gaban baƙin, hannu a baya, suna magana da Turanci. Ban saba katse manya ba, kuma sana'ata ta koya mini jira. Na tsaya a gefe ina jiran ya juyo. Ya gan ni, ya ɗaga mini hannu alamar yana zuwa, ya ci gaba da magana. Yaro na farko ya hau ya sauka. Na biyu ya hau ya sauka. Ina nan tsaye. Da na ga na ukun ya sauka, na matsa na taɓa rigar Koci.

"Malam, yaron ga hannunai ba lahiya."

"Wane yaro, Baba?"

Ga yara sun fi hamsin a filin. Na buɗe baki na rufe. Na nuna da haɓa.

"Ah, naka? Lafiyarsa ƙalau, na tambaye shi da safe. Gajiya ne kawai. Baba, ka bari mu gama, jifa kaɗan ya rage. Ka ga mutanen nan, shi suke jira." Wani ya kira shi daga tebur, ya juya.

Ban ga laifinsa ba. Ya tambaya, an ce masa lafiya. Kafin in sake samun bakin magana yaron ya riga ya hau tudun.

Mai na'urar ya ɗaga ta. Jifar farko ta tafi, lambar da ta fito ba ta kai ta safe ba. Ta biyu ta faɗi ƙasa tun kafin ta isa wurin mai cafewa. Rumfunan suka yi tsit. Yaron ya juya baya, na ga kafaɗunsa na hawa da sauka. Na san wannan tsayuwar, ta kakansa ce. Idan abu ya ƙi masa ba ya sassautawa, ƙara ƙarfi yake. Ya juyo, ya gyara tsayuwa, ya cije leɓe.

Ban san lokacin da na tsallake farin layin ba. Na ji ciyawa mai sanyi a ƙafata, na ji mai gadi na cewa, "Malam! Malam, ba a shiga!" Yaron ya riga ya ɗaga ƙafa. In na ce "kai" ba zai san da shi nake ba, filin cike yake da "kai". Sai na kira sunansa. Sunan mahaifina, da ƙarfi, a gaban iyayen yara da baƙi da masu abinci.

Ya tsaya da ƙafa a sama kamar an ɗaure shi. Ya sauke ta a hankali. Ya dube ni, ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba, ina jin ya ɗauka mutuwa aka yi a gida.

Koci ya iso da gudu. "Baba, me ya faru? Me ya faru?"

Na ce, "Ce mishi shi ɗaga hannu sama."

Koci ya dubi yaron. "Ɗaga."

"Koci, lahiyata lau. Saura kaɗan."

"Ɗaga hannunka sama da kai, in gani."

Ya ɗaga. Hannun ya kai kafaɗa ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin tura shi, gumi ya keto masa, wani ɗan sauti ya fita daga bakinsa. Koci ya sa yatsa ya danna bayan kafaɗar, yaron ya durƙushe a kan tudun. Koci ya tsuguna kusa da shi. Sannan ya buɗe yatsun yaron ɗaya bayan ɗaya ya cire ƙwallon.

"Baba," in ji yaron, yana durƙushe, bai dube ni ba. "Da ka bari. Jihwa ukku ta rage."

Bayan raga mai na'urar ya sauke ta ya ajiye a tebur, Baturen ya ja layi a takardarsa, aka kira wani yaro. Muna fita daga filin iskar ta taso da gaske, ta kifar da kujeru, ta yaye rumfa guda, masu abinci na ta rufe tukwane. Ruwan bai sauko ba.

A bakin ƙofa muka haɗu da ƙanena yana shigowa, taya ce ta fashe masa a hanya. Ya dubi yaron riƙe da hannu, ya dube ni. Wata mai zoɓo ta ba shi labari tun kafin ya tambaya, har da sunan da na kira. Ya buɗe baki zai yi irin zolayarsa, sai ya fasa. Muka shiga keke, yaron a gefe guda, ni a gefe guda, muka nufi asibiti.

Likita ya ce jijiyar kafaɗar ta fara yagewa. Na tambaye shi ta bakin ƙanena ko da an bar shi ya ƙarasa da ta tsinke. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, ba wanda zai iya rantsewa. Ya ce a ɗaure hannun, kada ya jefa ko da tsakuwa ce sai ya ba da izini, kuma bai yi alkawarin jifar za ta dawo yadda take ba.

Baƙin sun tafi da yara uku. Makarantar ba ta kori namu ba, Koci ya tsaya masa. A unguwa maganar ta rabu biyu, wasu na cewa na ceci hannun yaro, wasu na cewa na tare masa arziki a bakin ƙofa, tsofaffi kuma abin da ya dame su shi ne sunan da na kira a bainar jama'a. Shi kuwa yaron, idan ya zo hutu yakan durƙusa ya gaishe ni da safe yadda ya saba, ya tashi. Bai taɓa tayar da zancen ba.

An ce baƙin za su dawo baɗi. A hutun nan da ya zo an kwance masa ɗaurin, amma likita bai ba shi izini ba tukuna. Shekaranjiya bayan sallar Asuba ina zaune a zaure ina jiƙa fata, sai na ji wani sauti daga bayan gida, inda katangar makwabta take. Tim. Shiru. Tim. Na ajiye fatar na saurara, ko yara ne ke wasa. Ƙwallo ce ke bugun katanga, tazarar da ke tsakanin bugun daidai take, kuma kowane bugu ya fi na bayansa ƙarfi. Ɗakin baffansa a rufe yake, ya fita aiki tun da duhu, babu wanda zan aika. Na tashi na sa takalmina.